Daga Jozi zuwa Zwide, cikin masu koriyar riga

Direban da ya ɗauko ni daga filin jirgin saman O.R. Tambo bai tambayi sunana ba, bai tambayi abin da ya kawo ni ba. Abin da ya fara tambaya shi ne wa zan goya wa baya da daddare. Ranar Lahadi ce, 15 ga Oktoban 2023, na taso daga Kano na biyo ta Addis Ababa, idona cike da barci. Na ce masa ni mai harhaɗa magunguna ne, kwas na mako guda ya kawo ni Johannesburg, wadda ake kira Jozi, ƙwallon zari-ruga kuwa sai dai in ga giftawarta a talabijin, ƙarti rungume da ƙwallo mai siffar ƙwai suna bangazar juna. Ya gyaɗa kai ya ce kafin in bar ƙasar zan san ta.

Ya nuna mini ƙaramar tutar ƙasarsu da ya maƙala a jikin madubi, ya ce saura ƙiris yau a kara da Faransa a wasan daf da na kusa da na ƙarshe na gasar kofin duniya ta zari-ruga babu ita, babu taken ƙasa. Da na ji ya ambaci WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, sai barcin ya sake ni, don an shigo fagena. Na tambaye shi wane magani aka samu, a jikin wa. Ya bugi sitiyari da tafin hannu. "Ka gani ko, bhuti? Kai ma abin da ka fara zato ke nan. Ba a kama kowa ba!"

Ashe maganar doka ce. A watan Satumba WADA ta ce dokar Afirka ta Kudu ba ta dace da kundin ƙa'idojinta na 2021 ba, ta sa wa'adi zuwa 13 ga Oktoba, in ba a gyara ba a sauke tutar ƙasar a gasannin duniya. Sai aka garzaya kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne a Suwizalan, hukuncin ya dakata. Sakaci ne na masu yin doka. Amma wanda ya tsaya a kanun labarai, inda aka jera sunan Springboks, wato tawagar zari-rugar ƙasar mai koriyar riga, da kalmar ƙwaya da kalmar haramci a layi ɗaya, ga hoton 'yan wasa a ƙasa, abin da zai zauna masa a rai daban ne. Direban ba gwamnati yake karewa ba, ya ma wanke ta tas a kan hanya. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne laifin masu kwat aka lanƙaya wa masu koriyar riga.

Na sauka a Mayfair, unguwar da Musulmi suka yi yawa, Somaliyawa da Indiyawa da sauran baƙi, inda kiran sallah ke iske ka a ɗaki kuma ba ka wahalar neman abincin halal. Da ƙarfe tara na dare aka take wasa a birnin Faris. A falon masauki na kalla, wani ma'aikacin wurin yana yi mini bayanin abin da ya sawwaƙa. Afirka ta Kudu ta ci da maki 29 da 28. Abin da ya tsaya mini a ido shi ne Cheslin Kolbe, ɗan mitsitsi a cikin ƙattai, da ya sheƙa ya tare bugun Thomas Ramos da hannu biyu. Maki biyun da ya hana su ne suka raba gardama. Har tsakar dare ƙahon motoci bai yi shiru ba.

A wurin kwas ɗin, lokacin cin abincin rana ya koma zauren muhawara. Dukkanmu ma'aikatan magani ne, don haka babu mai iya ɓoye wa wani ma'anar sunayen sinadarai. Ni na tayar da maganar ranar Talata, na ce to batun tuta na gane, amma ruwa ba ya tsami banza, me ya sa 'yan jaridar waje suke sa wa ƙasar nan ido haka? Wani abokin aiki, Baxhose daga Gqeberha wanda daga baya ya zama mai masaukina, ya ajiye cokali ya lissafo mini sunaye da kansa, ba tare da kwana-kwana ba.

Aphiwe Dyantyi, wanda hukumar zari-ruga ta duniya ta ba kyautar sabon tauraro na 2018. A watan Yulin 2019 aka gwada fitsarinsa aka samu abu uku: metandienone, methyltestosterone da LGD-4033. Ya ce bai sha da gangan ba, kwamitin bai gamsu ba, aka dakatar da shi shekara huɗu. Chiliboy Ralepelle, sau uku sunansa na fitowa: a 2010 aka zarge shi amma daga baya aka wanke shi, a 2014 lokacin yana ƙungiyar Toulouse ta Faransa aka samu drostanolone ya sha dakatarwar shekara biyu, a 2019 aka samu zeranol aka ba shi shekara takwas. Sai Elton Jantjies, wanda a watan Agustan shekarar da muke ciki ya bayyana da bakinsa cewa an samu clenbuterol a gwajinsa.

Mai sayar da magani in ya ji waɗannan sunaye gabansa faɗuwa yake. Metandienone tsohon sinadarin gina tsoka ne tun shekarun 1950, kuma hanta yake ci. Drostanolone asalinsa don cutar dajin mama aka yi shi. Zeranol na ƙiba shanu ne, a kunnen sa ake dasa shi. Clenbuterol yana buɗe hanyar numfashi, ana ba dawaki, masu neman ƙona kitse su bar tsoka kuma suna wawurarsa. LGD-4033 kuwa ba a taɓa amincewa da shi a matsayin maganin ɗan Adam ba, a intanet ake cinikinsa. Na faɗi haka a teburin, babu wanda ya musa.

Inda aka rabu shi ne kan yadda ake ba da labarin. Wani Bature ɗan Pretoria, mai faɗin kafaɗa kamar shi ma ya taɓa bugawa, ya ciro waya ya nuna mini wani hoto na 2019: 'yan wasan Springboks tsaye a ɗakin motsa jiki babu riguna, gab da gasar kofin duniya ta Japan. Ya ce da wannan hoton aka yanke wa ƙasa guda hukunci. Bayan sun lallasa Ingila 32 da 12 a Yokohama, tsohon ɗan wasan Ailan Neil Francis ya rubuta a jarida cewa akwai al'adar shan sinadarin gina tsoka a zari-rugar Afirka ta Kudu, yana ɗora alamar tambaya kan nasarar. "Wane ɗakin gwaji ne ke karɓar hoto a matsayin samfuri?" in ji Baturen. Ya ce a Birtaniya zari-ruga na cikin wasannin da aka fi dakatar da 'yan wasansu saboda ƙwaya, galibi a ƙananan ƙungiyoyi, a Faransa ma a 2013 shugabar ɗakin gwajin ƙasar ta shaida wa majalisar dattawa cewa zari-ruga ce kan gaba a yawan samfuran da suka nuna abu in an auna da adadin gwaji. Amma ba a cewa Ingila ko Faransa ƙasar 'yan ƙwaya ce. Laifi tudu ne.

Gaskiyarsa ce ta wannan fuskar, na kuma gaya masa. Sai dai na lura duk lokacin da aka ce Dyantyi, amsarsa Ailan ce, in aka ce Ralepelle, amsarsa Faransa ce. Bai taɓa tsayawa a kan sunan da aka kira ba.

Wata 'yar'uwa daga Durban, wadda ta daɗe tana saurare, ita ta kawo abin da ban zata ba. Ta ce ita jaridun gida ne ke ba ta haushi, ba na waje ba. A watan Satumban 2022 wata jaridar Lahadi ta harshen Afrikaans ta buga labarin zargin alaƙa tsakanin Jantjies da wata ma'aikaciyar tawagar, aka dawo da su biyun gida daga Ajantina. Matar ta musanta. Amma makonni aka yi ana yawo da sunanta da hotonta, ana tattauna ta a rediyo da Facebook kamar ba 'yar mutane ba. "Da aka zo maganar clenbuterol," in ji ta, "kwana nawa aka yi? Wa ya bi sawu ya gano inda ake sayar da shi? Ɗakin kwana ya fi ɗakin magani kasuwa." Wannan magana ta bi ni har ƙarshen tafiyar.

Ranar Juma'a bayan masallaci na sa aka kai ni Ellis Park. Filin a rufe yake, unguwar Doornfontein da ke kewaye da shi ta ga jiya. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci, don a nan ne ranar 24 ga Yunin 1995 Nelson Mandela ya fito sanye da koriyar riga mai lamba 6 ya miƙa wa kyaftin ɗin Springboks Francois Pienaar kofin duniya, rigar da baƙaƙen ƙasar suka shafe shekaru suna kallo a matsayin tutar wariya. Wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa taɓa rigar ke zama kamar taɓa iyaye ba.

Wasan kusa da na ƙarshe, da Ingila, a wani gidan abinci a Fordsburg na kalle shi daren Asabar 21 ga wata. Ana ruwan sama a Faris, Ingila na gaba 15 da 6, wurin ya yi tsit sai ƙarar cokula. Wata dattijuwa mai lulluɓi a teburin kusa da ni tana ta jan carbi. Sai Ox Nché ya shigo ya riƙa tanƙwara 'yan Ingila a turereniyar da ake haɗa kawuna, RG Snyman ya dire ƙwallo a bayan layi, sannan ana saura minti biyu Handré Pollard ya auna daga kusan tsakiyar fili ya zura ta tsakanin sanduna. 16 da 15. Wani da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi.

Kafin gari ya waye murnar ta sami kishiya. An ji a makirufon alƙalin wasa Ben O'Keeffe cewa Tom Curry na Ingila ya je ya same shi a zagayen farko yana cewa Bongi Mbonambi ya yi masa zagin launin fata. Curry fari ne, Mbonambi baƙi, a ƙasar da irin wannan kalma ke iya kai mutum gidan yari. Nan da nan magoya baya suka fito da tasu fassarar: 'yan wasan suna kiran juna da Afrikaans a fili, kuma "wit kant" na nufin ɓangaren farare, wato masu farar riga, wanda Ingila ke sawa. Kalma ta biyun ce a kunnen mai jin Ingilishi take kama da wata ashar mai muni. Kwana huɗu babu abin da ake yi a rediyo da jaridu sai wannan. Na ga an buga kalmomin a jikin riguna ana sayarwa a bakin titi.

Raina bai so wannan ba. Curry bai je wurin 'yan jarida ba, alƙali ya gaya wa abin da kunnensa ya ji, kuma abin da ake so ɗan wasa ya yi ke nan. Sakamakonsa shi ne zagi da barazana gare shi da iyalinsa a intanet, har sai da Siya Kolisi, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, ya fito ya ce ya tuntuɓe shi kuma bai yarda da abin da ake yi masa ba. Mutanen da suka shafe mako suna nuna mini yadda jarida ke yanke hukunci babu shaida, wasunsu da wayoyin hannunsu suka yi abin da ya fi haka.

Abokina Baxhose ya riga ni tafiya gida, ya ce lallai in zo in kalli wasan ƙarshe a Zwide, unguwar da Kolisi ya tashi. Daren Laraba na hau doguwar bas daga tashar Park, tafiyar sama da kilomita 1,000. Wanda muka zauna kujera ɗaya da shi wani dattijo ne Ba'afirkane, tsohon malamin makaranta da ya shekara da shekaru yana horar da yara zari-ruga. Kowa a motar "Oom" yake ce masa, wato kawu, ni ma na bi sahu. Ya miƙo mini biltong, kilishinsu, na yi godiya na ce sai na san yankan, ya yi murmushi ya ciro lemo ya ba ni.

Cikin dare muka tsaya a Bloemfontein. Ya nuna mini wajen gari da haɓa ya ce abu biyu ke nan da suka shafi maganarmu: makarantar Grey College, wadda ta fitar da 'yan Springboks masu ɗimbin yawa, da ɗakin gwajin ƙwayoyi na Jami'ar Free State inda a lokacin ake kai samfuran 'yan wasa. Daga nan har muka shiga busasshiyar ƙasar Karoo bai yi barci ba, ni ma ban yi ba.

Ya ce in manta da manyan sunaye, in tambayi Craven Week. Gasa ce ta 'yan ƙasa da shekara 18 da ake yi tun 1964, inda larduna ke kawo zaɓaɓɓun yaransu, masu farautar 'yan wasa kuma su cika fili da littattafan rubutu. A ta 2018 hukumar SAIDS, mai yaƙi da ƙwaya a wasannin ƙasar, ta gwada yara ta samu shida da sinadarin gina tsoka a jikinsu. Yara shida, 'yan makaranta. Ya ce labarin ya fito, an yi kwana biyu ana jimami, aka wuce. "A can aƙalla ana gwadawa," in ji shi. "A makarantu fa, inda sai iyaye sun yarda kafin a taɓa yaro?"

Ya bayyana mini yadda abin yake tafiya. Wasan makarantun sakandare a ƙasar nan ba wasan yara ba ne. Ana nuna shi a talabijin, dubban mutane na zuwa kallo, kamfanoni na zuba kuɗi, makarantu na zawarcin yara da tallafin karatu. Yaro ɗan shekara 16 ya san in bai kai wani nauyi ba ba za a kalle shi ba. In ɗan talaka ne, wannan nauyin shi ne tsakaninsa da makarantar kwana, da jami'a, da fitar da uwarsa daga gidan kwano. In ɗan mai hali ne, uba na tsaye a bakin fili yana jiran ya ga abin da shi bai samu ba. Sai wani a ɗakin motsa jiki ya ce ga abin da zai taimaka.

"Ka san labarin Dyantyi kuwa?" ya tambaye ni. Ɗan Ngcobo ne a Gabashin Cape, ya yi Dale College, kuma a makaranta an ce masa ya yi ƙanƙanta. Ya bar wasan, sai a Jami'ar Johannesburg aka sake gano shi yana buga wa ɗakin kwanan ɗalibai. Oom ya ce ba yana wanke shi ba ne, wanda ya sha ya sha. Amma jaridun da suka yi ta buga labarin yaron da aka raina ya zama tauraro, su ne suka buga labarin tauraron da ya zama maƙaryaci, kuma babu wadda ta tsaya ta haɗa labaran biyu ta tambayi abin da kalmar "ka yi ƙanƙanta" ke yi wa yaro. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ya faɗa wa yara wannan kalmar, ba sau ɗaya ba. Muryarsa ta canza da ya faɗi haka.

Na gaya masa abin ba baƙo ba ne a wurina. A kantina 'yan mata na zuwa neman abin da ake kira sha-ka-fashe, samari masu ɗaga ƙarfe na zuwa da suna rubuce a takarda wanda wani ya ba su. In na hana, na san akwai inda za a ba su. Na kuma ga abin da jarida ke iya yi in ta bi sawun kaya maimakon sawun suna: binciken da BBC ta yi kan maganin tari mai kodin a 2018, wanda ya bi daga mai sha har zuwa mai fitarwa daga kamfani, cikin kwana ɗaya ya sa gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Oom ya ce irin wannan yake jira a yi wa zari-rugar makarantu.

Gari ya waye muna tsakiyar Karoo, tsaunuka masu shafaffen kai, tumaki jefi-jefi, injinan iska masu jan ruwa suna juyawa. Oom ya sauka a Cradock, garin da yanzu ake kira Nxuba. Ba mu jima da rabuwa ba wayoyi suka fara ƙara a motar. Hukumar zari-ruga ta duniya ta ce ta duba hotuna da sauti da bayanan ɓangarorin biyu, babu isasshiyar shaidar da za a tuhumi Mbonambi, zai buga wasan ƙarshe. Hukumar Ingila ta ce ba ta ji daɗi ba. Motar ta kaure da tafi, wasu 'yan mata a baya suka ɗauki waƙar gwijo, irin wadda Xhosawa ke rerawa ɗaya na bayarwa saura na amsawa, har muka hango teku.

Zwide unguwa ce ta ƙananan gidaje da iska mai ƙarfi daga teku. Abokina ya zagaya da ni makarantar firamare ta Emsengeni inda Kolisi ya fara, da filin Dan Qeqe inda ya buga wa African Bombers. Mahaifin abokin nawa, wanda nake kira Tata kamar yadda 'ya'yansa ke yi, ya haura saba'in, kuma ya buga wasan a zamanin wariya. Ya ce mini wannan filin da hannu mutanen unguwa suka gina shi a shekarun 1970, lokacin ƙungiyar KWARU da ta ƙi yarda a raba wasa da launin fata. Ya ce Xhosawa sun fi shekara 100 suna zari-ruga, manyan jaridu ba su san da su ba. Da aka fara sa baƙaƙe a Springboks kuma, sai aka riƙa kiransu 'yan cike gurbi.

Saboda haka shi in ya ga sunan baƙin ɗan wasa da manyan baƙaƙe a shafin farko, da tsohon ciwo yake karantawa. Ya kawo misalin Johan Ackermann, farar fata, da aka dakatar shekara biyu a 1997, ya dawo ya sake buga wa ƙasa, ya zama koci mai daraja a ƙungiyoyin Lions da Gloucester, kuma da wuya ka ji an tuna masa. "A bar wa yaranmu ma ƙofar dawowa," in ji shi. Lokacin Dyantyi ya gama wa'adinsa a watan Agusta, ƙungiyar Sharks ta Durban ta ɗauke shi, kuma Tata na jiran ya ga irin tarbar da za a yi masa.

Ɗansa bai bar maganar ta wuce haka ba. Cikin ladabi ya ce, "Tata, Gerbrandt Grobler fari ne, kuma da ƙungiyar Munster ta Ailan ta ɗauke shi bayan dakatarwarsa, jaridun Ailan sun hana shi sakat. Ralepelle kuma ba jarida ce ta sa masa maganin shanu ba." Tsohon ya yi shiru, sannan ya juyo kaina ya ce ku fa a Najeriya? Na ce muna da namu. Blessing Okagbare, wadda aka cire daga tseren mita 100 ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, dakatarwarta ta kai shekara 11. A gasar kuma an hana 'yan wasanmu goma shiga, ba don an kama su da komai ba, don ba a yi musu adadin gwajin da ƙa'ida ta ce ba. Mu ma da abin ya faru mun fi ƙarfi wajen cewa ana ƙinmu. Ya gyaɗa kai ya zuba mini shayi.

Bayan na dawo gida lissafin ya ƙaru. A watan Janairun 2024 aka dakatar da Jantjies shekara huɗu, a cikin shekarar kuma aka ba S'bu Nkosi shekara uku. Su biyun suna cikin tawagar da ta ci kofi a 2019. Na tuna Baturen Pretoria da hotonsa. Har yanzu ina tare da shi cewa hoto ba shaida ba ne, amma ina fata ranar da ya ji waɗannan ya tsaya a kan sunayen.

Daren Asabar 28 ga Oktoba falon Tata ya cika har waje, aka fito da talabijin tsakar gida. Abokina ya tuna mini cewa a 2007 Kolisi a wata mashaya ta unguwar nan ya kalli wasan ƙarshe, don babu talabijin a gidansu. Minti kaɗan da farawa Mbonambi, wanda aka yi mako ana rigima a kansa, ya ji rauni a gwiwa ya fita. Aka ba Sam Cane, kyaftin ɗin Niyu Zilan, jan kati. Pollard ya zura bugun tazara huɗu, Beauden Barrett ya dire ƙwallo, aka tsaya 12 da 11, Pieter-Steph du Toit yana ta kayar da duk wanda ya tunkaro. Kolbe da aka ba katin gargaɗi a ƙarshe ya zauna a gefe ya rufe kansa da riga, ya kasa kallo. Da aka busa tashi, unguwar gaba ɗaya ta fito titi. Tata bai tashi daga kujerarsa ba, hawaye kawai yake yi.

Da safe ina haɗa kaya, wani jikan Tata ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Shekararsa 16, siriri, dogo, yana buga wa makarantarsu a gefen fili. An gaya masa sana'ata. Ya ciro wata baƙar roba daga jakar makaranta ya ce, "Malume, don Allah duba mini wannan." Su uku suka haɗa kuɗi suka saya a hannun wani a ɗakin motsa jiki, ya ce musu garin furotin ne kawai.

Na juya robar. Babu lambar rajista, babu adireshin kamfani, babu ranar lalacewa. A inda ya kamata a jera abin da ke ciki da nauyin kowanne, an rubuta cewa haɗi ne na musamman. Na zaunar da shi a bakin gado na gaya masa cewa a dokar wasanni duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Na ba shi labarin 2010, lokacin da aka dawo da Ralepelle da Bjorn Basson gida daga rangadin Turai saboda wani sinadari da ke cikin abin ƙarin kuzarin da tawagar ƙasa da kanta ta ba su. Su an wanke su, don akwai likitoci da lauyoyi da suka bi diddigi. Na tambaye shi wa zai bi masa. Na kuma gaya masa abin da irin waɗannan abubuwa ke yi wa hanta da zuciya, da yadda suke iya tsayar da tsawon yaron da bai gama girma ba.

Ya saurara har ƙarshe, idonsa a ƙasa. Sannan ya ce kocinsu ya ce yana da gudu, amma sai ya ƙara kilo takwas kafin baɗi in yana son a kai shi gwajin lardi.

Na kira kawunsa. Muka zauna mu uku muka rubuta a bayan wata takarda abin da gidan zai iya saya: ƙwai, madara, amasi (kindirmonsu), wake, gyaɗa, kifin gwangwani. Kawun ya karɓi robar ya ce zai kai ta wurin aiki, ranar Litinin kuma zai je makarantar da kansa. Yaron ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ɗauki jakata ya raka ni bakin titi. Mai sayar da jaridu ya riga ya baza na Lahadi a ƙasa ya danne su da duwatsu saboda iska, kowacce da hoton Kolisi ɗauke da kofi. Yaron ya tsaya yana kallonsu har motata ta zo.